Oshogbo: Garin Da Birkila Da Maƙeri Suka Zama Gwanayen Zane

Duk wanda ya yi fataucin goro ta jirgin ƙasa a zamanin da reluwe take kan ganiyarta ya san sunan Oshogbo, ko da kuwa bai taɓa sauka a can ba. In jirgi ya baro Kano, ya ratsa Zariya da Kaduna da Minna, ya haye gadar Jebba, ya wuce Ilori da Offa, to, babbar tashar da ta rage masa kafin Badun ita ce Oshogbo. Tun cikin 1907 layin dogo ya iso garin daga Ikko, watau shekara huɗu kafin jirgi ya fara shiga Kano, kuma shi ne ya mai da garin matattarar koko da auduga da ƙwarar kwakwa.

Yanzu dai a mota matafiya suka fi zuwa. Wanda ya taso daga Ilori zai bi ta Offa da Ikirun, yana tafe yana ganin ƙasa tana sāke kama, fili yana raguwa, duhuwar itatuwa tana ƙaruwa, har ya hango rufin kwanon tsohon gari wanda tsatsa ta mai da shi ja wur. Tun 1991 Oshogbo ce hedkwatar Jihar Oshun. Bahaushe ba ya baƙunta a cikinta, gama akwai unguwar Sabo, inda 'yan Arewa suka daɗe da zama suna cinikin goro da shanu da kayan miya, ga kuma masallatai ko'ina, domin Musulmi suna da yawa ƙwarai a garin. Masu sha'awar tarihi kuwa za su tuna a nan ne, wajen 1840, mayaƙan Badun suka tare dawakin Ilori suka kore su, har yaƙin ya tsai da yaɗuwar mulkin Ilori zuwa kudu.

Amma in aka ambaci Oshogbo a Landan ko Balin ko Niyok, ba koko ne ke faɗo wa mutane a rai ba, ba kuma yaƙin 1840 ba. Ba ma kamfanin mulmula ƙarfe ba ne, ɗan'uwan na Katsina da na Jos, wanda Gwamnatin Tarayya ta kashe wa dukiya mai yawa a farkon shekarun 1980, ya kuwa daɗe ba ya aiki yadda aka yi fata. Abin da ya kai sunan garin duniya shi ne zane-zane. Masu zanen kuma ba 'yan jami'a ba ne. Akwai birkila a cikinsu, da maƙeri, da mai gyaran wutar lantarki, da yaron mashaya, da wani mai rawa a bayan motar mai tallan magani.

Mutanen garin suna cewa abin ba daga sama ya faɗo ba, suna kafa hujja da labarin kafuwar garin. Wai sa'ad da Laroye da wani maharbi mai suna Timehin suka sauka da jama'arsu a bakin kogin Oshun, sai suka sare wata itaciya ta faɗa cikin ruwa, aka ji wata murya daga kogin tana kukan an fasa mata tukwanen rini. Ko mutum ya yarda da labarin ko bai yarda ba, yana nuna tsufan rini a garin, har Yarbawa suna yi masa kirari da Ilu Aro, watau garin rini. Sarkinsu kuwa Ataoja ake ce da shi.

Daga Mashaya Zuwa Makaranta

Mafarin labarin zanen zamani mutum biyu ne. Na farko Duro Ladipo, ɗan garin, wanda ubansa malamin coci ne. Ya yi koyarwa a wurare, har da Kaduna, sa'an nan ya komo gida. A 1960 ya shirya waƙoƙin bikin Ista ya shigo da gangunan bata cikin coci, gangunan da aka sani da bautar Shango, dattawan cocin suka ce ba su san wannan ba. Daga nan ya gane in yana son ya yi irin wasan da ke ransa, sai ya nemi dandali nasa na kansa.

Na biyun Bajamushe ne, Ulli Beier, wanda ya zo Kwalejin Jami'a ta Badun a 1950 don koyarwa, amma zaman cikin makaranta bai karɓe shi ba. Ya koma sashen da ke kai karatu ga manya a garuruwa, ya zauna a Ede da Ilobu, daga bisani ya tare a Oshogbo. A 1961 yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Mbari a Badun, tare da su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo. Wannan kulob na masu ilmin boko ne, marubuta da malaman jami'a, Turanci ne harshensa. Ladipo ya je ya gani ya ce shi ma yana son irinsa a garinsu, amma na kowa da kowa.

Ladipo yana da wata 'yar mashaya a gidansa mai suna Popular Bar. Ita aka gyara, ɗakunan suka zama wurin nuna zane, tsakar gida ta zama dandalin wasa. A watan Maris na 1962 aka buɗe, da wasan kwaikwayonsa mai suna Oba Moro. Kalmar Mbari ta Ibo ce, mutanen Oshogbo kuwa da suka ji ta sai suka juya ta zuwa harshensu suka ce Mbari Mbayo, watau in na gani zan yi murna. Sunan ya bi wurin.

Ya kamata mai karatu ya lura da inda aka ajiye abin. Ba a kai shi unguwar Turawa ba, ba a kewaye shi da waya ba, ba a tsai da ɗan sanda a ƙofa ba. A tsakiyar gari yake, a bakin hanya, mace mai talla tana iya leƙawa da farantinta a ka, yaro yana iya shiga ba takalmi, Ataoja da sarakunan maƙwabta su ma sukan zo kallo. Wasannin da Yarbanci ake yin su, labarin kuma na kakanninsu ne. Oba Koso, wanda ya ba da labarin Shango Alafin Oyo da jarumansa biyu Timi da Gbonka, ya fito daga wannan tsakar gida ya je bikin wasanni na Balin a 1964, ya je na ƙasashe rainon Ingila a 1965.

'Yan wasan Ladipo samari ne, galibinsu ba su yi nisa a karatu ba, in ba a gwajin wasa kuma zaman banza ya yi musu yawa. Don haka aka fara shirya musu ɗan kwas na zane. Denis Williams, wani mai zane ɗan ƙasar Guyana, shi ya jagoranci na 1962 da na 1963, inda aka gano Jacob Afolabi, wanda ke sai da abin sha a mashayar, da Rufus Ogundele, ɗan'uwan Ladipo. Amma wanda ya fi barin tarihi shi ne na watan Agusta 1964, wanda wata Baturiyar Ingila, Georgina Betts, ta gudanar. Ita wannan a Zariya ta fara zama tun 1959, kafin ta koma Oshogbo a 1963, daga baya ta auri Beier.

Kwana biyar kacal aka yi. Ba a tambayi kowa takardar shaida ba, ba a karɓi ko kwabo ba, ba jarrabawar shiga. An shimfiɗa takardun ƙunshi masu arha, an kawo fenti irin na shafen bango da buroshi, aka ce kowa ya zana abin da ke ransa. Ba a ajiye kwalba ko lemo a kan tebur aka ce a kwaikwaya ba, kamar yadda ake yi a makarantun boko, ba a kuma koya wa kowa dokokin awo da inuwa irin na Turai ba. Aikin malamar shi ne ta zaga tana dubawa, in ta ga wanda ya fito da wani abu nasa na kansa, ba kwaikwayon hoton kalanda ba, sai ta nuna masa wurin ta ce ya bi nan.

Mutum huɗu suka yi fice a wannan karo. Jimoh Buraimoh shi ne mai kula da fitilun dandalin Ladipo. Daga baya ya ɗauko ƙananan duwatsun ado irin waɗanda ake yi wa kambin sarakunan Yarbawa, ya riƙa manna su a kan allo suna ba da siffa, ya zama shi ne ya buɗe wannan hanya. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa, zanensa na fuskoki da gidajen birni yana da sanyi da natsuwa, ba hayaniya. Adebisi Fabunmi, wanda aka haifa a Gana, ya ƙware wajen sassaƙa hoton gari a kan leda irin ta daɓen ɗaki, a shafa tawada a buga a takarda, daga baya kuma ya koma zane da zaren ulu. Na huɗun shi ne Taiwo Olaniyi, wanda ya raɗa wa kansa Twins Seven-Seven, don uwarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Shi ne mai rawa a bayan motar magani. Ya faɗo wani biki a Mbari Mbayo ba da gayyata ba, rawarsa ta ja hankalin Beier, aka ce ya tsaya. Da aka ba shi alƙalami da tawada sai ya cika takarda da aljannu da dodanni da namun dajin tatsuniya, ko wurin sa yatsa bai bari ba.

Akwai wasu da ba ta hanyar kwas suka shigo ba. Asiru Olatunde ɗan gidan maƙera ne, ciwo ya hana shi ɗaga guduma mai nauyi, ya koma ƙera 'yan kunne da ƙananan namun daji na jan ƙarfe. Aka ba shi shawara ya faɗaɗa aikin, sai ya shiga bubbuga manyan falankan alminiyam yana fito da labari a jikinsu, har ya yi wa coci-coci da bankuna ƙofofi da adon bango. Adebisi Akanji kuwa birkila ne. Shi ya gina shingen siminti mai siffofin mutane da dabbobi a wani gidan mai da ke garin, direbobi da fasinja suna kallo kyauta. In an dubi sunayen nan za a ga Jimoh shi ne Jumma'a, Buraimoh Ibrahim, Muraina Imrana, Asiru kuwa Ashiru, watau yawancinsu 'ya'yan gidajen Musulmi ne na cikin gari.

Mutane sukan ba da labarin nan kamar wani abin al'ajabi, wai a kwana biyar an mai da jahilai gwanaye. Wannan ba daidai ba ne, kuma ya rage wa samarin daraja. Da farko dai ba jahilai ba ne: sun taso suna ganin sassaƙa da saƙa da rini da adon dodanni, sun san tatsuniya da kirari, sun kuma yi shekaru a dandalin wasa suna fentin labule da ɗinkin kayan sarakuna. Na biyu, kwana biyar ɗin zaɓe ne kawai. Abin da ya yi aiki shi ne shekara biyun da suka biyo baya, sa'ad da Georgina ta riƙe 'yan kaɗan ɗin da ta zaɓa, ta sama musu wurin aiki da fenti da injin buga hoto, tana duba aikinsu kullum, mijinta kuma yana rubutu a kansu yana nema musu masu saye. An yi irin wannan kwas a wurare da yawa a Afirka, aka watse aka manta, saboda ranar da aka rufe kwas ran nan aka kwashe fenti.

Wa Ke Saye?

A ƙarshen 1966 Beier da matarsa suka bar Nijeriya, suka nufi Papuwa Niugini. Masu cewa in Bature ya tafi abin zai mutu ba su ga haka ba. A 1967 aka nuna aikin 'yan Oshogbo a Landan, a Ikko kuma wata Ba'amurkiya, Jean Kennedy, ta riƙa buɗe gidanta kowace Alhamis suna baje kolinsu, cibiyar al'adun Jamus ita ma tana shirya musu nuni. Kuɗi ya shigo. Waɗanda jiya ba su da keke suka sayi motoci, suka gina gidaje, suka ƙara aure.

To, amma a nan ne gizo yake saƙa. Masu sayen nan su wane ne? Ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne, da malaman jami'a Turawa, da manajojin kamfanonin mai. An buɗe ƙofar koyon zane ga talakan Oshogbo, amma zanen da ya yi ba a ɗakin maƙwabcinsa ya ƙare ba, sai a falon wani a Miyunik ko Washinton. Wasan Ladipo na mutanen gari ne, su suka biya kuɗin ƙofa, su suka san inda za a yi dariya. Zanen kuwa ya zama kamar koko, a noma a nan, a sha a can. Wanda kuma ya dogara da baƙo dole ya koyi abin da baƙo ke so. Da aka gane Bature yana son aljannu da dodanni, sai ƙanne da barori da 'yan kwaikwayo suka cika harabar otal-otal na Ikko da aljannu da dodanni, har mai saye ya kasa bambance na gwani da na ɗan koyo.

Masu zanen da suka yi karatu mai zurfi, musamman waɗanda suka fito daga sashen zane na Zariya, sun yi suka mai zafi. A ganinsu Turawa sun fi son Baƙar fata wanda bai je makaranta ba, don ya dace da hoton Afirka da ke kansu, kuma ana kambama 'yan Oshogbo ne don a danne masu digiri. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko da yake akwai kishi a ciki. Abin sha'awa shi ne waɗanda abin ya shafa ba su tsaya a inda masu gardama suka ajiye su ba. Jimoh Buraimoh ya tattara ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 ya yi kwas. Muraina Oyelami ya yi karatun fasahar dandali a Jami'ar Ife, ya kuma koyar da kiɗan gargajiya a can. Ta ɗaya ɓangaren, Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, bai ji girman kai ba ya zo Oshogbo ya zauna a kwas ɗin buga hoto. Abin ya zauna masa a rai, har a 1998 ya kafa nasa taron na shekara-shekara a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, inda farfesa da ɗan koyo suke aiki a rumfa ɗaya.

Rayuwar Twins Seven-Seven ta isa misali ga hatsarin kasuwar waje. Ya yi suna, ya yi kuɗi, ya kafa ƙungiyar kiɗa, ya shiga siyasa. Da kasuwa ta juya baya, akwai lokacin da yake gadin wurin ajiye motoci a birnin Filadelfiya na Amurka. Daga baya tauraronsa ya sāke haskawa, Hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2005, ya rasu a Badun a 2011, shekarar da Beier ma ya rasu a Ostareliya. Ladipo kuwa tun 1978 ya riga su.

Wannan matsala ta wa ake yi wa zane ba Oshogbo kaɗai ta dama ba. Cikin baƙin da Mbari ta Badun ta nuna aikinsu a farkon shekarun 1960 akwai Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman. Ya yi karatun zane a Landan, ya komo Hartum ya shirya nuni, mutanen gari suka ƙi zuwa. Maimakon ya zarge su da duhun kai, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar rubutun Larabci ne da zayyana. Daga nan ya sāke hannu, ya gina zanensa a kan harafi da adon allo. Wanda ya san zayyanar allon sauka a Kano ko Barno, da zanen soro na Zariya, da aska takwas a gaban riga, ya san jama'ar Arewa ba ƙin ado suke yi ba.

Kurmi Da Tukwanen Rini

Baƙo ba ya barin Oshogbo ba a ce masa ya je kurmin Oshun ba. Yana gefen gari, faɗinsa hekta 75, saura ne na irin dajin da a dā kowane garin Yarbawa yake keɓewa. A shekarun 1950 gara ta ci ɗakunan tsafin, masu yankan katako da manoma suna ta cin gefensa. Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya, matar Beier ta farko, wadda ta shiga addinin gargajiya na Yarbawa aka sa mata suna Adunni Olorisha, ita ta tsaya a kan gyaransa. Ta tara birkiloli da kafintoci, Adebisi Akanji a gaba, suka yi shekaru suna gina manyan siffofi na siminti da ƙarfe a cikin itatuwa. Gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1965, UNESCO ta sa shi cikin na duniya a 2005, ita kuwa ta rasu a garin a 2009 tana da shekara 93. Aikin kurmi na bauta ne, ba na sayarwa ba, don haka Musulmi da Kirista da yawa na garin suna nesa da shi, ko da yake bikin watan Agusta yana cika otal-otal da kasuwanni. Ruwan kogin ma ya sha wahala: a 2022 an yi ta ba da rahoton yadda haƙar zinariya a yankin Ilesha ta gurɓata shi.

Wanda ke neman inda gadon Mbari Mbayo ya fi rai, watau koyarwa kyauta ga duk wanda ya zo, sai ya nemi cibiyar Nike. Nike Davies-Okundaye an haife ta a 1951 a Ogidi, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara shida, karatunta bai wuce firamare ba saboda rashin kuɗi, saƙa da rini a wurin kakar uwarta ta koya. Ta zo Oshogbo tana yarinya, ta zama ɗaya daga cikin matan Twins Seven-Seven, ta yi shekaru a gidan kafin ta fita. A kwas ɗin 1964 maza ne suka yi suna, mata suna bayan fage. A 1983 Nike ta buɗe cibiyarta da kuɗin da ta tara daga sayar da aikinta, ta fara da 'yan mata marasa galihu, ba ta karɓar kuɗin makaranta. Daga baya ta buɗe wasu a Ogidi da Abuja, sa'an nan a 2009 ta buɗe katafaren gidan nuni a Lekki ta Ikko. Waɗanda suka koyi sana'a a hannunta sun kai dubbai.

Abin da aka fi koyarwa a can shi ne adire, watau rinin zane mai ado. Bakano zai ga abin da ya sani, zai kuma ga wanda bai sani ba. A Ƙofar Mata maza ne ke rini, a rijiyoyin karofi, da baba. A ƙasar Yarbawa kuwa aikin mata ne, a manyan tukwane, da ganyen elu, wanda Hausawa ke kira talaki. Ana daka ɗanyen ganyen a dunƙula a shanya, sa'an nan a jiƙa shi cikin ruwan toka a bar shi kwanaki har ya tashi. Adon kuwa iri-iri ne. Akwai na ɗauri, inda ake ƙulle yadi da zaren tukurwa, wani lokaci da tsakuwa ko iri a cikin ƙullin. Akwai na ɗinki, a ɗinke a tsuke, in an rina a warware. Mafi wuya shi ne eleko: a dama garin rogo ya yi kauri, mace ta shimfiɗa farin yadi, ta raba shi gida-gida, ta ɗauki gashin kaza tana tsomawa tana zana tsuntsu da ƙadangare da ganye da cokali, kowane gida da nasa. In ya bushe a tsoma a tukunya a fitar, iska ta buge shi ya juye daga kore zuwa shuɗi, a sāke tsomawa, har sai ya yi duhun da ake so. Daga nan a kankare rogon, adon ya fito fari-fari. Kowane tsari da sunansa, akwai ma wanda ake kira da sunan Badun. Ban da adire ana koyar da rini da kakin kyandir, da saƙa, da sassaƙa, da aikin duwatsun ado, da kiɗa da rawa.

Hikimar wannan zaɓi a fili take. Hoton bango sai mai falo da rarar kuɗi, amma zane kowa yana ɗaurawa, riga kowa yana sawa. Yarinyar da ta iya adire ba sai ta jira Bature ya sauka daga jirgi ba, ana biki ana suna a unguwarsu. Ta nan ne fasahar ta komo hannun mutanen gari, abin da zanen su Twins bai samu ba.

Akwai kuma abin da ya bambanta wannan tsari da wanda aka sāba da shi a Arewa. A ƙasar Hausa sana'a gado ce: ɗan marini shi ke rini, ɗan maƙeri shi ke ƙira, ɗan magini shi ke hawa soro, har akan ce gado ba karambani ba. Wannan ya tsare sana'o'in ɗaruruwan shekaru, amma yana da ƙofa ɗaya tak, in 'ya'yan gida suka tafi boko ko acaɓa sai sana'ar ta tsufa tare da tsofaffi. Yawan rijiyoyin da suka bushe a marinar Kano ya isa shaida. Makarantun gwamnati kuwa, tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976, suna da darasin zane da aikin hannu a jadawali, sai dai a makarantu da yawa ba fenti, ba takarda, ba malamin da ya koyi abin, har aikin hannu ya koma kawo tsintsiya daga kasuwa. Tsakanin gidan gado da ajin da ba kayan aiki, yaron da Allah ya ba hannu amma ubansa ba mai sana'a ba ne, ba shi da inda zai je ya gwada kansa.

Ba a ce Oshogbo ta warware kome da kome ba. Koyarwa kyauta ba kyauta ba ce ga mai bayarwa: yadi da shuni da abincin ɗalibai duk daga cinikin gidan nuni na Ikko da tafiye-tafiyen mai cibiyar suke fitowa, watau har yanzu da sauran dogaro ga aljihun baƙi da masu hali, kuma nauyin yana kan mutum ɗaya wadda ta haura shekara 70. Ga kuma sabon abokin gāba. 'Yan shekarun nan kasuwanni sun cika da yadin da injuna suka buga a ƙasar Sin, an kwaikwayi adon adire tsaf, ana sai da shi a kan kuɗin da bai kai na farin yadin da mai rini za ta saya ba. Marinan Abekuta sun yi ta kai kuka ga hukuma a kan haka, na Oshogbo ma abin bai bar su ba. Eleko ɗaya yakan ci kwanaki kafin a gama zana shi, ban da rini da shanya, kuma ɗalibar da ta gama koyo a bana a gefen wancan na injin za ta shimfiɗa nata a kasuwa.